Ramar Mama Faustina

Mama Faustina ta fara sayar da tuwon acca da miyar karkashi a bakin tashar Zonkwa tun kafin a haife ni. Mace ce mai jiki sosai. A Zumuntar Mata ta coci har tsokanarta ake yi, wai ita kaɗai ta isa benci guda.

Mijinta Azariya ya rasu a shekarun da ƙanjamau ke ɗibar mutane. Ciwon hanta ne ya kashe shi, amma ya rame ƙwarai kafin ya tafi, mutane kuwa suka faɗi abin da suka ga dama. Ta gaya mini ƙibarta ce ta wanke ta a lokacin, duk wanda ya kalle ta sai ya yi shiru.

Shekara uku da suka wuce ta fara ciwon kai da jiri. A asibiti nas ta auna ta sau biyu, ta ce jininta ya hau sosai, zuciya tana wahalar tura jini cikin jiki mai nauyi haka. Ta ba ta magani, ta ce ta rage gishiri da manja da tuwo, ta riƙa takawa. Mama ta bi maganar, har coci da ƙafa take zuwa. Cikin wata biyar zaninta ya zagaye ta har da saura, jirin ya tafi.

Sai direbobi suka fara komawa rumfar gaba. Wata rana Levi, wanda ya shekara goma yana cin tuwonta, ya zo da kwanonsa daga gida.

"Mama, kin ragu fa," ya ce yana kallon ƙasa. "Ko abin Baba Azariya ne ya taso?"

Ta ɗauko katin asibiti ta nuna masa. Ya ce ai shi bai ce komai ba, amma bai sake zuwa ba.

Daga nan ta koma cika kwano tana ci a gaban rumfa, inda kowa zai gani. Jiki ya dawo, direbobi suka dawo, maganin ma ta bar shi don kada a gan ta tana haɗiyar ƙwaya. Da na yi mata magana, ta ce, "Ɗana, hawan jini ba ya korar kwastoma."

Bara ta faɗi tana tuƙa tuwo, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Yanzu tana kwance a gidan 'yarta Stella a Kafanchan. Likita ya ce da wuya hannun ya sake ɗagawa.