Zoben Bakin Sanda

Dattijon yana tsaye a gefen teburin sinuka da ke bayan shagon, dogo, siriri, shuɗin alli ya kama masa babban yatsa. Mai gyara ko sunansa bai sani ba. Shekaranjiya dattijon ya kawo sandarsa ta buga sinuka a canza mata fatar baki. Da mai gyara ya ga zoben tagullar da ke riƙe bakin ya tsufa, sai ya cire ya sa sabo, launi ɗaya amma marar nauyi. Bai tambaya ba, wai shi gwani.

Yanzu ga dattijon yana sunkuyawa a hankali, yana lallaɓa gwiwa. Yana auna farar ƙwallo ta gefe, yana ɗan karkatar da sanda. Wataƙila shekara talatin hannunsa ya yi yana wannan karkatarwa, don nauyin tagulla kan ture ƙwallo gefe. Sabon zoben ba ya ture ta haka. Jar ƙwallo ta daki bakin rami ta dawo. Karo na uku ke nan.

Bai ko dubi sandar ba. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Baba..." in ji mai gyara.

"Aikinka ya yi kyau, ɗana. Idon ne ya gaji. Dama 'ya'yana sun daɗe suna cewa in haƙura."

Yana zura sandar cikin jaka a hankali. Tsohon zoben na nan cikin gwangwanin ƙusoshi, taku biyu daga ƙafar dattijon. Mai gyara ya buɗe baki.

"Allah ya tsare, Baba."