Wayar Yaya da Muka Bayar Sadaka

Yayana direban hatsi ne. Duk Alhamis yana kasuwar Shinkafi, ya yi lodin gero ya sauke a Kaura Namoda, wani lokaci ya zarce Zurmi wurin dangin Inna, mahaifiyarmu. Rubutu yana ba shi wahala, don haka saƙon murya yake turo mini ta shafinsa na sada zumunta, ga ƙarar inji, ga masu lodi suna gardama a bayansa. Bai taɓa amsa gaisuwata kai tsaye ba. In na ce ina wuni, sai ya ce, "Ke 'yab boko, Inna ta ci abinci?"

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi da damina. Bayan addu'ar bakwai Inna ta tattara rigunansa da takalmansa ta bayar sadaka, kamar yadda ake yi, don ladar ta isa gare shi. Wayar ma ta bi kayan, da layinta a ciki, da shafinsa a buɗe. A idon Inna waya da riga duk ɗaya ne, abin da mamaci ya bari. Ina zaune aka miƙa ta, kuma da hawaye na ce Allah ya karɓa. Wanda aka ba ya sayar a kasuwa, ban ga laifinsa ba.

Da kaka, ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa, cikin keke napep, na ga ɗigon kore ya kama a gefen sunan Yaya, alamar yana kan layi. Hoton nan nasa, hula a karkace. Na san ƙasa ta rufe shi, amma sai da na buɗe wurin saƙo. Na rubuta, "Yaya, ina wuni?"

Aka amsa, "Lafiya lau, Hajiya. Kina son ki shiga harkar kirifto, kuɗin intanet? Riba ninki biyu."

Hajiya! Mutumin da ko ruwan alwala zai aike ni sai ya haɗa da tsokana. Na ji haushi, amma kewa ta fi haushin yawa.

Duk wanda wayar ta faɗa hannunsa bai sha wahala ba. Lambar tabbatarwa layin Yaya take zuwa, ya canza kalmar sirri, ya zama mai gida. Ya bi abokan hulɗar Yaya ɗaya bayan ɗaya, har wata ƙanwar Inna a Zurmi ta bugo tana tambaya ko sana'ar marigayi ce muka ci gaba da ita. Wani malami a wurin aikinmu ya ce mu taru mu kai ƙarar shafin a rufe shi, sai dai in shirya: in an rufe, saƙonnin da ke ciki za su iya tafiya tare da shi.

Na yi kwanaki ina jan ƙafa. Kalmomin sirrina duk na canza, na sa tabbatarwa mai hawa biyu, amma shafin Yaya na kasa taɓawa. Gaskiya ina son ganin ɗigon nan. Sai da na gaya wa Inna.

Ta ci gaba da tsince wake a faifai. Can ta ce, "Da sunanai aka cutam mutane?"

Na ce e.

"To a ruhe shi. Yaron ga bai ci haƙƙin kowa ba yana raye, ba a sa shi ci yana kwance. Amma ki bari in ji shi tukuna."

Na aro wayar maƙwabciyarmu, na jera su a kan tabarma, tawa tana kunna saƙonnin, wayar aron tana naɗa. Akuya ta yi kuka, ya shiga. Wani babur ya wuce, ya shiga. Washegari muka kai ƙara, aka rufe shafin, saƙonnin suka bi shi.

Abin da ya rage mini ke nan, kuma ba yadda Yaya ya turo shi yake ba. Duk lokacin da na kunna, inji yana ruri, sai ya ce, "Ke 'yab boko, Inna ta ci abinci?" Daga gefen tabarma, can ƙasa-ƙasa, sai a ji Inna ta ce, "Na ci."