Faɗin Ɗaki

Jiya mai gidan da muke haya a Gusau ya zo da magini, wai za a raba ɗakinmu biyu a zuba wasu 'yan haya. Na ce to 'ya'yana mata ina za su kwana? Ya ce, "Malam, me ka rasa? Ga ƙofa, ga taga, ga kwano a kanka."

Nan take marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Shi in zai gina ɗaki a ƙauyenmu, can bayan Bungudu, ba ya fara taɓa laka. Sai ya cire hula ya kwanta a ƙasa, ya baje hannuwa, ya mirgina dama, ya mirgina hagu, sannan ya shata da sanda. Ranar da zai yi mini ɗakin aure an yi ruwa, ƙasa sai ƙamshi take. Ya tashi bayansa duk jan taɓo. Na ce, "Kawu, azara da ƙyaure sun haɗu, a fara mana."

Ya ce, "Kayan gini ka lissafa mini. Ƙyaure in ya ruɓe a sake wani. Faɗi kuwa, in ka matse shi, da shi za ka tsufa."

Ɗakin yana nan, mu ne 'yan bindiga suka koro. Shi ya sa ban ja da mai gida ba, ba mu da inda za mu koma. Gobe za a kawo bulo.

Kawu, mu kam an matse mu. Kai Allah ya yalwata maka kabarinka.