Jan Ruwan Tur'a

Jiya ina kakkaɓe ɗaki, zanen gonarmu ya faɗo daga bango, sai na tuna da marigayi tsohon Bagirken nan na Wad Madani. Da fentin da ake jiƙawa da ruwa yake zane. Duk kaka yakan zo ƙauyenmu, ya zauna a bakin tur'a, magudanar da ke shayar da gonakinmu, rigarsa na warin taba.

Ranar da ya fara zuwa ya roƙi ruwa. Inna ta ji kunyar ba baƙo ruwan laka, ta tato masa mai sanyi daga randa. Ya shanye tas, ya gangara ya ɗebo jan ruwan tur'a, ya tsoma burushinsa.

"Hawaja, wagga ƙazanta za ka shafa ma takarda?" in ji Inna, don haka ake kiran Bature a wajenmu.

Ya yi dariya. "Ya hajja, ƙasarku nake zanawa. Ruwan randa bai san ta ba."

Tun da yaƙi ya ratsa mu tur'ar ta ƙafe. Ruwanta da ya rage mana shi ne wanda takardar zanen nan da ya bar mana ta sha. In ka shafa, har yanzu za ka ji laka a yatsa.

Allah ya saka wa tsohon, ya maido mana da ruwanmu.