Kazar Iya da makarantar Hankaka

Ai tun kafin Maman Habibu ta rufe baki, ni hankalina ya riga ya tafi ƙauyenmu can gefen Tofa, gaban murhun kakata. Tana tsaye a ƙofar gidana bayan la'asar, tana gyara goyo tana cewa, "Anti, kar ki ga laifina, babansa ne. Ya ce ƙarshen watan nan zai cire shi ya kai shi nazare ɗin bakin titi. Wai ɗan maƙwabcinmu yana rera ABC har ƙarshe, namu kuwa in an tambaye shi me aka koya masa sai ya sunkuyar da kai." Ni kuma kun san me ya faɗo min a rai? Kaza. Wallahi kaza. Ku tsaya in warware muku, don abin ya cika min ciki.

Ɗan gidan raino nake da shi a nan wajen Ungogo. Ba wani babban abu ba ne, ɗaki ɗaya ne da rumfa da tsakar gida. Matan da ke zuwa Dawanau tsintar wake da riɗi su ne ke kawo min yara da safe kafin su hau adaidaita, da yamma su biyo su ɗauka. Ni da ƙanwar mijina Safiya muke yi. Ban yi karatun abin a aji ba. A waya na koya, da tambayar duk wanda na ga ya fi ni sani, sauran kuma yaran ne da kansu suka koya min. Shi Habibun nan ya haura shekara uku, amma da aka kawo shi ba ya magana, sai nuni da yatsa da kuka. Kwanan nan bakinsa ya fara buɗewa. Tsorona ɗaya ne: a kai shi ajin da yara suka cika maƙil, a ɗora shi a benci, ya koma ya yi gum kamar da.

To, ga inda kazar ta shigo.

Muna yara, in an gama cin tuwo an yi isha'i, Iya, uwar babanmu, ba ta barin wutar murhu ta mutu. Sai ta tura kara biyu, ta binne dankali a toka, mu kuma jikoki mu zagaye ta. Amma Iya tana da wata ɗabi'a da ke ƙona mana rai. Ba ta fara tatsuniya sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ta taɓa goshin wannan, ta shafa cikin wancan.

"Sale, zo nan maigidana. Tun ɗazu nake ganin kana ɗingisa ƙafar nan."

"Ba komai, Iya."

"Ba komai ɗin ne ya sa kake taka ta a gefe? Miƙo." Sai ga ƙaya ta fito.

Mu kuma muna ta mita, "Iya, tatsuniyar fa?" Ta ce, "Tana nan, ba ta da ƙafar gudu." In ta gamsu kowa lafiya, sai ta gyara zama ta ce, "Na kwance bakin buhu, wa zai tara hannu?" Mu ce, "Mu ne."

Wadda na fi so ita ce ta lokacin kaka, da iyayen tsuntsaye suka shirya tafiya kala a gonaki, aka rasa inda za a bar yara. Sai Hankaka ya fito da hularsa a ka da farin ƙyallensa a ƙirji ya ce ya buɗe makaranta a gindin kuka, kowa ya kawo, ko nawa ne. Ya jera su sahu-sahu. Ya ce "kaa", su ce "kaa". Kafin magariba ɗan tattabara da ɗan talotalo da ɗan fakara duk murya ɗaya suke yi. Iyaye suka dawo suka ji, daɗi ya kama su, suna cewa lallai an yi karatu.

Can kuma ƙarƙashin rumbu akwai wata tsohuwar kaza, ita 'yan kaɗan ta karɓa: ɗan agwagwa, ɗan zabuwa, da 'yar kurciya. A nan Iya kan tsaya ta nuna akurkinmu da baki ta ce, "Kun dai san kaza, ƙwan wa ba ta kwanta a kai ba? Ba ga ta can mun sa mata na zabi ba?" Haka ne kuwa, duk damina sai an sa wa kazarmu ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe, ta yi ta yawo da 'ya'yan da ba su yi kama da ita ba.

Ita kazar tatsuniya ba ta jera kowa ba. Tana tona ƙasa, suna kallo, suna gwadawa. Ɗan agwagwa ya ga kwatamin bakin rijiya ya faɗa. Ita kanta tsoron ruwa take, amma ta tsaya a gefe tana kallonsa har ya gaji ya fito. Ɗan zabuwa ba ya iya zama, sai ta ce, "Ruga ka taɓo danga ka dawo ka faɗa min abin da ka gani." 'Yar kurciya kuwa kunya ce da ita, ba ta cin abinci in ana kallonta, sai kaza ta zuba mata tsaba ta juya baya kamar tana neman wani abu. Da yamma uwar zabuwa ta zo tana ƙorafi, "Nawa bai iya ko kaa ɗaya ba, sai gudu."

Rannan sai ga inuwar shirwa. Hankaka ya hango ta, ya ƙwalla ihu, "Kaa!" Yaran suka ɗauka karatu ne, suka gyara zama suka amsa, "Kaa!" Ya sake yi, suka sake amsawa. Wayyo, a nan dariya kan kwantar da mu, don Iya har tsayuwa take ta kama ƙugu tana kwaikwayon Hankaka. Ita kuwa kaza ta san inda kowane nata yake ba sai ta nema ba. Ta janyo na ruwa, ta rufe mai kunya da fiffike, ta ce wa ɗan zabuwa, "Yau ranar gudunka ce, je ka kira karen gida." Kafin shirwa ta sauko kare ya iso yana haushi.

Sale ya ce, "Iya, ba ta ci ko ɗaya ba? Wancan karon kin ce ta ɗauki ɗan fakara."

Iya ta kalli ƙanwata Uwani da ta ƙanƙame ni ta ce, "Wancan karon Uwani ta yi barci. Yau shirwar hular Hankaka kawai ta samu."

Da iyaye suka dawo a firgice, kowace tana "ina nawa, ina nawa", sai Hankaka ya sosa kai ya ce, "Wane ne naki? Ai duk kaa suke cewa." Iya ta tono dankali ta raba mana ta ce, "Na ɗaure buhu, kowa ya karkaɗe hannunsa."

Ban ba Maman Habibu wannan labarin ba, kar ta ce na mai da ɗanta ɗan tsako. Cewa na yi, "Ki roƙar min babansa ya zo ɗaukarsa da kansa ko sau ɗaya, kafin ya yanke."

Ya zo ranar Alhamis. Baban nasa, Malam Sani, awon hatsi yake yi a Dawanau. Ya yi sallama ya tsaya a soro, daidai lokacin da Safiya ke wanke wa yara hannu da sabulu za a zauna tatsuniya. E, da rana nake yi musu. Da Iya na raye da ta ce zan ɓata a hanyar kasuwa, Allah ya jiƙanta, har yau dai ina gane hanya.

Bayan mun gaisa ya ce, "Malama, ni ba rainawa na yi ba. Amma me kuke koya musu ne? Na tambaye shi, ba amsa."

Na ce, "Baban Habibu, shi in aka tsare shi da tambaya rufewa yake. Sai hannunsa na aiki bakinsa ke buɗewa. Don Allah ka ɗan tsuguna, kar ka tambaye shi komai."

Na fito da Habibu da kwanon yashi da gwangwanaye da tsohon buhu, kayan wasan da ya fi so. Mutumin nan ya tattare rigarsa ya tsuguna. Habibu ya kalle shi, ya kalle ni, ya ja kwanon. Ya cika gwangwani har sama, ya shafe bakin da tafin hannu, ya ce, "Baba, buɗe buhu."

Ya buɗe. Ya ce a hankali, "Wake ne?"

"A'a. Gero. Wake ya ƙare."

Habibu ya juye, sannan ya ɗebo wani yashin da hannu biyu ya ƙara a kai ya ce, "Ga gyara."

Malam Sani ya fashe da dariya har yana dafa bango. "Kai, wa ya koya maka irin wannan gyaran? Ai sai ka karya ni." Sai kuma ya zuba wa yaron ido. Maman Habibu ta faɗa min daga baya cewa bai taɓa jin magana mai tsawon haka daga bakinsa ba.

Ya ce, "To ABC ɗin fa?"

Na ce, "Tana tafe. Muna zana baƙaƙe a yashin nan da yatsa, ya ma gane na farkon sunansa. Amma gara ya fara samun abin faɗa tukuna."

Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya saɓa yaron a kafaɗa. Har ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "A bar shi ya ƙara shekara a nan."

Wallahi da na koma ciki rawa na taka, yara suka taya ni ba su san dalili ba.

Kar ku ce ina zagin nazare. Akwai malamai masu ƙoƙari a can, yawan yaran ne ke fin ƙarfinsu, kuma Habibu ma wata rana can zai je. Abin da na gane da na girma shi ne, wurin raino mai kyau ba a bango mai fenti ake gane shi ba. A duba rijiya a rufe take, akwai ruwa da sabulu, yaran ba su fi ƙarfin masu kula da su ba, kuma ba kullum ake canza masu raino ba. Ni ko a makon jiya sai da na ba wata uwa haƙuri, na ce mun cika, don in na ƙara ɗaya wani zai ɓace min a cikin taro. Amma babban gwajin da nake ba kowace uwa shi ne, da yamma ki tambayi mai rainon, "Yau yaya ya yini?" In kullum amsar "lafiya ƙalau" ce kawai, ki sake tambaya. Wadda ta san ɗanki za ta ce miki ya ƙi kunu amma ya ci wake, ya yi faɗa da wane sun shirya, ya tsorata da ƙarar injin niƙa.

Ku fa, iyaye da masu raino irina? Da kuka tambaya yau, me aka faɗa muku game da naku, wanda ku kanku ba ku sani ba? Ku ba ni labari, ina son ji.