Baƙon da Bai Taɓa Ɗanɗana Nama Ba

Ni dai bokona bai wuce in rubuta sunana ba tare da na ɓata wa mutane takarda ba. Elemantare na leƙa ta, ta leƙa ni, muka rabu ba faɗa. Amma in zancen suyar ganye ake, a matsa a ba ni kujera, don a wannan fanni a hannun Iya na sauke karatu, kakata ta wajen uba, a gidanmu na marina da ke bayan Ƙofar Mata, tun Bature yana mulkin ƙasar nan.

Nama a gidanmu baƙon Juma'a ne. Sauran ranaku, in maza sun dawo daga karofi da yunwa, hannuwa shuɗi har gwiwar hannu, ba mai jiran miya ta nuna. Sai Iya ta ɗora kasko, ta cusa kara a murhu, don wutarsa ta fi ta itace saurin tashi. Man gyaɗa kaɗan, albasa, gauta, tattasai, 'yar daddawa da gishiri, alayyahu a ƙarshe. Juyi kaɗan ta sauke, ganyen bai ma gama sanin an yanko shi ba. A zuba a kan ɗumamen tuwo, a fitar wa maza.

Mu jikoki kuwa bakin murhu muke taruwa bayan magariba, muna ci muna ƙunƙuni. Ni ne sarkin masu ƙorafin.

"Iya, wai mu awaki ne?"

"Rufe mini baki, mijin banza. Cefanen me ka kawo? Ka auri mace ka bar ta da ganye, sannan ka zo kana neman tsoka!"

Daga nan, in za ta fara tatsuniya, sai ta ƙwanƙwasa gefen kasko da koshiya ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta shigo, akwai wuri." Lokacin wutar ta lafa, sai jan garwashi a fuskarta.

Wai an yi wani marini da matarsa, su biyu rak a gida, ba ɗa ba ɗan aike. A bayan gidansu akwai tsohon ramin rini da aka bari tun zamanin kakanni, ruwansa baƙi ƙirin, ko kwaɗo ba ya kuka a ciki. Wata rana da magariba, mijin yana masallaci, matar ta jefa albasa a mai, ƙamshi ya tashi. Sai ta ji gyaran murya a zaure. Ba sallama, gyaran murya kawai. Ita matar kulle ce, ba ta leƙa zaure, kuma ba a tambayar baƙo sunansa bai ci ba. Ta ɗiba a akushi, ta tura ta ƙarƙashin asabari.

Akushi ya dawo a siɗe tas, a jiƙe, da sanyi, yana warin tsohon ruwan rini.

"Kashegari ma haka," in ji Iya, tana rage murya har sai mun matso. "Da mai ya ce cuuu, sai zaure ya ce ehem."

In mijin ya dawo ba ya tarar da kowa, sai damshi a inda aka zauna. Amma gida lafiya lau, rini yana kamawa, ba mai ko ciwon kai. Haka shekara ta zagayo.

Ran nan marini ya sami babban aikin rawuna, ya shigo da tsoka a ranar da ba Juma'a ba, ya ce a yayyanka a cikin suyar. Matar ta ce to, amma bari ta ɗebe na baƙo kafin ta zuba, tunda abin da ya saba da shi ke nan.

Ya ce, "Haba! Mu ci nama mu ba baƙo ganye? In aka ji wannan a karofi, ina zan sa kaina? Yau ma ni zan kai masa da hannuna, in ga ɗan wane gida ne."

Ya yi sallarsa a gida, ya ɗauki akushi ya shiga zaure. Ita ta laɓe jikin bango. Ta ji ana taunawa a hankali, an daɗe ana taunawa. Can sai murya, kamar daga ƙasan rijiya.

"Maigida, wannan wane ganye ne?"

"Ba ganye ba ne, nama ne."

"A wane lambu yake fitowa?"

Mijin ya yi dariya. "Ba a lambu ba. A jikin mai rai yake."

Muryar ta sake tasowa.

"Kamar wannan?"

Daidai nan Iya takan cafke cinyar wanda ya fi kusa da ita. Ƙanwata Ladi ta taɓa jiƙa tabarma a wannan gaɓar, kuma na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, ina nan a kan alkawarina.

Matar ta ruga murhu. Kara, mai, albasa, gauta, ganye, tana so tsohon ƙamshin ya riga baƙon, ya tuna masa da abin da ya saba. Ba ta taɓa suya da sauri irin ta ranar ba, har yatsunta suka ƙone. Ta tura akushi ƙarƙashin asabari. Ba a ja ba. Yana nan yana tururi har ya huce.

Can sai asabari ya ɗaga, aka shigo. Rigar mijin ce, hular mijin ce. Ya zauna nesa da wuta, inda haske bai kai ba, ruwa yana ɗiga daga bakin rigar. Ya ce, "Gobe ma ki sa mana wancan."

Sai Iya ta hau kankare kasko.

"Iya, shi ne ko ba shi ba ne?"

"Ni ina can? Ku siɗe kwanonku."

Muka siɗe kuwa. Ba wanda ya ƙara zancen tsoka har Juma'a.

Na daɗe ina ɗauka dabarar tsofaffi ce kawai ta toshe bakin jikoki da ganye. Na ma sha bayyana haka a majalisa, da murya irin ta masana, ina shafa gemu. Sai bayan rasuwar Iya, ina magidanci, Gwaggo Asabe, 'yarta ta fari, ta ba ni labarin kakanmu, wanda mu dai an ce mana ya rasu, ba a ƙara komai ba.

Ashe wani bafatake mai goro ne ya sauka a zaurenmu. Kakanmu ya sa aka soya wa baƙon nama, suka zauna yana zuba masa labarin arzikin Kurmi. Iya tana bayan bango tana ji, ba halin ta leƙa, ba halin ta sa baki. Abin da ta iya kawai ta koma murhu ta soya wa mijinta ganyen da ya fi so. Bai taɓa ba. Da safe ya bi ayarin bafataken. Bayan shekaru ya dawo, ya zauna 'yan kwanaki yana yatsina fuska a kan abincin gidan, ya sake tafiya, tafiyar ke nan.

Sai a lokacin na gane ba mu take tsoratarwa ba. Mu dai 'yan rakiya ne. Ita ce take komawa bayan bangon nan duk dare, ta sake ɗora kasko, ko wannan karon za ta riga baƙon.

Na tambayi Gwaggo ko Iya ta yi takaba da labarin mutuwarsa ya iso daga Kurmi. Ta ce ta yi, ta cika ta kamar yadda addini ya ce. Ranar da ta fita, tana wanke kai, ta dube ta ta ce, "Asabe, na yi dai, amma ban san wa na yi wa ba. Nawa tun a zaure aka cinye shi."