Motar da za ta kai Mama gida

Tunda gwiwoyin Mama suka ƙi, muka ɗauko ta daga ƙauye muka kawo ta gidan Yayana a Sabon Tasha, ba ta da wata magana sai ta komawa. Ba komawar zama ba, ta san wannan ya wuce. So take ta je ta ga ƙanwarta wadda ta makance, su zauna a gindin ɗorawa su yi gulmar mutanen da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Matsalar ita ce hanya. Motar haya a bakin kwalta take sauke mutum, daga nan sai acaɓa, a kan hanyar da ruwa ya zaizaye, ga rafi a tsakiya. Mama kuwa ko a bencin coci sai an riƙe ta take zama, balle bayan babur.

Shekarar da Yaya ya yi ritaya ya sayi tsohuwar akori-kura a hannun wani ɗan kasuwar citta. Mutumin ya ce masa motar ta tsufa ne a kan hanyar ƙauyenmu, ko sake ta aka yi za ta kai kanta. Mama ta fito da sandarta, ta shafa ƙofar, ta sa albarka, ta tambaya ko ranar Asabar za mu tafi. Da mun tafi ranar Asabar ɗin nan, da ba ni da labarin ba ku.

Kafin Asabar ta zo wani abokin aikinsa na da ya turo masa bidiyon Turawa suna hawan duwatsu da irin motarsa. Yaya ya kalla, ya sake kalla, ya fito tsakar gida ya dubi tasa kamar yau ya fara ganin muninta. Ya ce ba zai ɗauki uwarsa a motar da cikinta ke jan ƙasa ba, sai an ɗaga ta.

Bakanikensa na bakin titi bai taɓa ce wa mai mota a'a ba. "Oga, small tin ne," in ji shi, ya ƙara mata ƙarfen sifirin a ƙasa, wani a kan wani, har ta miƙe. Da ta miƙe sai tayoyin suka zama kamar ƙafar zalɓe a ƙarƙashinta, dole aka nemo manya. Manyan suka riƙa gugar bodi in an sha kwana, aka yanke bodin. Sai injin ya ce shi fa ba da wannan nauyin aka yi alkawari da shi ba, aka sauke shi. Rani guda motar tana kan jak ana shirya ta domin damina, da damina ta zo aka ce a jira rani.

Bambar gaba kuwa wani Malam mai walda a Unguwar Mu'azu ya ƙera ta. Ƙofofin gida ne sana'arsa, kuma mutum ne mai kishin hannunsa, don haka bai yarda ya saki ƙarfe haka nan ba ado ba. Ya yi mata furanni, ya jera mata tsinin mashi a sama. Duk wanda ya hango mu tafe sai ya ɗauka get ɗin wani Alhaji ne ya tsinke yana bin titi. A gefe aka ɗaura bututun famfo ya haura saman gilashi, wai don injin ya riƙa shaƙar iska in mun nutse a kogi. Rafin ƙauyenmu, a iya sanina, awaki ma suna tsallake shi in ba a tsakiyar damina ba.

Na je gwajin farko, a hanyar Rido. Muka tarar da kududdufi a tsakiyar hanya. Yaya ya tsaya, ya sauko, ya samo kara ya auna zurfinsa, ya shiga lissafi. Muna nan tsaye wani mai keke ɗauke da mata da buhunan gawayi ya ratsa ta ciki ya wuce, har ya watsa mana ruwa. Yaya ya ce fentin bai gama bushewa ba, muka juyo gida. Ranar na zage shi a zuciyata har na gaji.

Na samu Mama na ce zan ɗauko shatar mota ni da kaina, mu je mu dawo. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke, ina da ɗa namiji mai mota, sai in shiga gari a ta haya? Su ce me? Su ce ya yar da ni?"

"Mama, motar nan ba ta gamuwa."

"Za ta gamu. Ki bar shi, don ni yake yi."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ta faɗa. Don ita yake yi. Duk yamma in ya dawo daga gareji, hannu baƙi ƙirin, sai ya zauna a gabanta yana bayyana mata giyar da ke juya ƙafa huɗu, ita kuma tana gyaɗa kai kamar ana karanta mata Zabura.

Bayan Ista ta biyu ya ce an gama. Mama ta ɗaure kayanta tun jajibiri: sabulu, sukari, man zafi da turmin zane na ƙanwarta. Da safe ta sa zanen zumuntar mata, ta fito, maƙwabta sun cika ƙofar gida don yin sallama. Yaya ya buɗe mata ƙofar gaba da kansa, yana murmushi. Sai muka ga wurin taka ƙafa ya kai mata ƙugu, kujerar kuma tana can wajen kafaɗarta. Shekara biyu ana auna motar da dutse da kogi, ba wanda ya auna ta da Mama.

Aka kifa turmi, ta kasa hawa turmin. Aka kawo benci, ya yi rawa. Yaya ya durƙusa ya ce ta bari ya ɗauke ta.

"Ni buhun citta ce?" ta ce. "To in ka loda ni a nan, a can fa? A gaban dangin ubanka za ka sauke ni kamar kaya? Da ƙafata na fito daga garin nan, da ƙafata zan taka shi."

Ta juya ta koma ɗaki. Kayan ba ta kwance su ba, ta tura su ƙarƙashin gado.

Matakala ake bukata, kuma kowane kafinta zai buga ta kafin azahar. Amma Yaya ya riga ya ga wata a bidiyo, mai naɗewa, wadda ke saukowa da kanta in an buɗe ƙofa. Ya koma wurin Malam mai walda. Ta farko ta maƙale, ta biyu ta riƙa faɗowa ana cikin tafiya. Suna kan ta uku ruwa ya sauka. Mama ta rasu wata safiyar Laraba a cikin daminar nan, matar Yaya ta shiga kai mata kunu ta tarar ta tafi.

Mu ba ma binne babba a birni, gida ake kai shi. Aka sa akwatin a baya, aka ɗaure da igiya, na zauna a gaba da kayan nan na ƙarƙashin gado a cinyata. Motar kuwa ta yi aikinta, ba zan ci amanarta ba. Ta haye taɓo, ta haye zaizaya, ta shiga rafin da ya cika ta fita ko tari ba ta yi ba. Yaya yana tuƙi yana hawaye, amma da muka haye rafin na ga ya juyo zai ce "Kin gani ko?", sai ya haɗiye. Da muka isa, ga wata tsohuwar akori-kura a ƙofar gida, tayoyinta sun suɗe, ƙofarta ɗaure da waya. Ita ta kawo rumfuna da kujeru tun jiya.

Bayan an binne ta, samari suka kewaye motarmu suna ɗaukar hoto. Aka jawo Mama Ƙarama, ƙanwar tata, ta ce a kai ta ta taɓa motar da aka yi ta ba ta labarinta. Na ba ta sabulunta da zanenta, ta rungume su da hannu ɗaya, ɗayan tana laluben ƙarfe. Yaya ya buɗe ƙofa, matakalar ta sauko a hankali, lafiya lau, kamar a bidiyo.

"Wannan fa mene ne?"

"Matakala ce, Mama. Yayarki na yi wa."

Ta lalube ta da ƙafa, ta taka, ta sake takawa, ta hau ba wanda ya riƙe ta. Ta zauna a kujerar gaba, ta gyara zanenta, ta shafa wurin.

"Ashe ba wuya," ta ce. "To me ya hana ta zuwa?"

Yaya ya kifa kansa a kan furannin bambar, ya yi kuka irin wanda ban taɓa jin ya yi ba tun muna yara.